BINDIGA A HANNUN WA? LALURAR OTIZIM DA MA'AUNIN BA DA IZININ MAKAMI

Jawabin da aka gabatar a Alela, cikin gundumar Birnin Ƙwanni, gaban taron hakimai, maharba, malamai da ma'aikatan kiwon lafiya. Ga shi mun kawo muku ɗungurungum.



Tambayar da aka aza mini in yi bayani a kanta gajera ce a baki, amma tana da nauyi. Shin mutumin da ke da lalurar da likitoci ke kira otizim ya cancanci hukuma ta ba shi takardar izinin riƙe bindiga, ko kuwa sunan lalurar kaɗai ya isa a rufe masa ƙofa? Na san akwai wanda zai ce a ransa, ana ga yaƙi kana ga ƙura. Mutane ba su runtsawa saboda ɓarayin daji, ana kore shanu, ana ɗauke magidanta a nemi kuɗin fansa, kai kuma ka zo mana da zancen da ya fi kama da gardamar ƙasashen Turawa. Amsata ita ce, wannan halin ne ma ya mai da tambayar tamu. Lokacin da bindiga ke rataye a ɗakin maharbi kaɗai, ba wanda ya damu da ma'aunin ba da ita. Yau da garuruwa ke shawarar wa za a miƙa ma makami ya tsare ƙofa, dole mu san abin da za mu duba ga mutum kafin mu miƙa masa.

Zan faɗi matsayina tun da fari, don kada a yi ta jiran ƙarshe. Ba wanda aka haifa da haƙƙin riƙe bindiga. Amana ce da hukuma ke ba wanda ya cika sharuɗɗa, tana kuma iya karɓe abinta. Sharuɗɗan nan ya kamata su auna halin mutum da ayyukansa da iyawarsa, kowa shi kaɗai. Sunan lalura a takardar likita bai isa ya hana mutum ba, rashin sunan kuma bai isa ya wanke kowa ba.

HALIN DA MUKE CIKI

Duk wanda ke zaune tsakanin Alela da Ƙwanni ya san iyakar da ke kudu da mu layi ce a taswira kawai. Kasuwa ɗaya muke ci, ranar Lahadi a Illelar Najeriya, ranar Alhamis a Badagishiri. Auratayya ta haɗa mu, kiwo ya haɗa mu, yanzu kuma masifa ta haɗa mu. Tun bayan rugujewar mulkin Gaddafi a Libiya cikin 2011 makamai suka kwararo cikin Sahel. Ta'asar ɓarayin daji da ta yi ƙamari a Zamfara ta bazu zuwa Katsina da Sakkwato, ta tsallako jahar Maraɗi da kudancin jahar Tawa. A Tangaza da Gudu, maƙwabtanmu na ƙut da ƙut, an ga yadda wasu masu makamai da aka sani da Lakurawa suka shigo da sunan taimakon jama'a a kan ɓarayi, daga baya suka koma su ne masu karɓar haraji da yanke hukunci, har rundunar sojan Najeriya ta fito ta yi shelarsu cikin Nuwamba 2024. Arewa da mu kuwa, a yankin Tiliya, an kashe mutum 137 rana guda, ranar 21 ga Maris 2021.

Idan tsoro ya kai haka, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne ya nemi makami. Cikin Yuni 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya fito fili ya ce ma jama'arsa su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu. A ƙasarmu ma garuruwa sun kafa ƴan sintiri, an kuma ga abin da ya samu na Banibangu cikin Nuwamba 2021, inda mutum 69 suka halaka, har da magajin garin. Wata cibiyar bincike da ke Janiba, mai lissafin ƙananan makamai na duniya, ta ƙiyasta cewa cikin 2017 akwai bindigogi wajen 117,000 a hannun farar hula a Nijar, da fiye da miliyan 6 a Najeriya. Kowa a nan ya san masu takarda cikin masu riƙe da su ƴan kaɗan ne.

MENE NE OTIZIM?

Kafin a yanke ma mutum hukunci sai a san shi. Otizim, wanda wasu gidajen rediyo ke fassarawa da galahanga, yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa tun daga ƙuruciya, kuma mutum na rayuwa da shi har tsufa. Alamunsa na bayyana ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar cuɗanya da mutane: yaro ya yi jinkirin magana ko ya ƙi yin ta sam, a kira sunansa bai waiwayo ba alhali kunnensa lafiya lau, ba ya son haɗa ido, ba ya gane habaici ko abin da fuskar mutum ke nufi. Ta biyu ita ce riƙo da abu guda: hanya ɗaya zai bi zuwa rijiya, wuri ɗaya zai zauna, ya yi ta maimaita motsi ɗaya, ya duƙufa a kan abu ɗaya har ya fi kowa saninsa, ƙara mai ƙarfi ko cunkoson kasuwa su dame shi fiye da yadda suke damun sauran mutane.

Likita Leo Kanner ne ya fara bayyana shi filla-filla a Amurka cikin 1943, bayan ya lura da yara 11. Cikin 1944 Hans Asperger ya rubuta a kan wasu yara masu kama da su a ƙasar Ostiriya. An daɗe ana zaton lalura ce ta ƴaƴan Turawa, sai cikin 1978 wani masani mai suna Victor Lotter ya buga sakamakon zagayen da ya yi a wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya, inda ya samu yara masu irin waɗannan alamu. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da ita ta nuna cewa cikin 2021 mutum 1 cikin 127 ke da shi a duniya. In muka ɗauki wannan ma'auni, garin da ke da mutum dubu ba zai rasa bakwai ko takwas ba.

Ashe muna da su, sunan ne ba mu da shi. Mu kan ce wane miskili ne, wane gaula ne, wane an shafe shi; in abin ya yi tsanani a ce ɗan ruwa ne. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu na yau shi ne tazarar da ke tsakanin mai otizim da ɗan uwansa mai otizim. Akwai wanda har ya girma ba zai iya tsallaka gwadabe shi kaɗai ba, sai an ciyar da shi an tufatar da shi. Akwai kuma wanda zai zama gwanin gyaran rediyo da salula, ko mai riƙe lissafin buhunan albasa irin na Galmi ba ya ɓatar da ko dala, ko malamin lissafi mai mata da ƴaƴa; iyakar abin da ake faɗi a kansa shi ne ba ya son hira, kuma ba ya iya ɓoye abin da ke ransa. Suna ɗaya ya haɗa su, kamar yadda sunan zazzaɓi ya haɗa mai ɗan zafin jiki da wanda aka ɗauko ranga-ranga zuwa likita. Otizim ba hauka ba ne. Mai shi ba ya jin muryoyin da babu su, ba ya ganin abin da babu, sai in wata cuta daban ta haɗu da shi, kamar yadda take iya haɗuwa da kowa.

ABIN DA DOKOKI SUKA DUBA

A ƙasarmu, tun dokar 1963 da ta tsara shigowa da makamai da mallakarsu da cinikinsu, ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, takardar da muke kira farmi, ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka su ce lasin. Cikin 1994, ana cikin tawayen arewa, aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone bindigogi fiye da dubu a Agadas, a bikin wutar zaman lafiya.

Ma'auni mafi bayani da yankinmu ya rubuta shi ne yarjejeniyar ƙasashen CEDEAO a kan ƙananan makamai, wadda aka sa ma hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006. Aya ta 14 ta hana farar hula manyan makamai irin su roka, sannan ta aza sharuɗɗa biyar ga mai neman ƙaramar bindiga: ya kai shekarun da doka ta yanka, ya zama ba a taɓa hukunta shi a kan laifi ba, an kuma binciki halinsa, ya kawo dalili karɓaɓɓe, ya nuna shaidar an horar da shi a kan kiyaye haɗari da sanin doka, ya tabbatar yana da amintaccen wurin ajiya, bindiga daban, harsashi daban. Ta ƙara da cewa a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba da izini, don in fushi ne ya kawo mutum ya samu ya huce. Ku lura, dukan biyar ɗin abubuwa ne da ake iya gani a gwada, kuma babu sunan wata cuta a ciki. Nijar ta fice daga CEDEAO cikin Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma hikimar sharuɗɗan nan ba ta da ƙungiya, kuma duk sabuwar dokar da za a rubuta, a Ƴamai ko tsakanin ƙasashen AES, za ta amfana da ita.

Dokar makamai ta Najeriya, ta 1959, ta hana lasin ga mutum iri biyar: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, marar kamun kai irin mashayi, da wanda aka hukunta a kan duka ko barazana cikin shekaru biyar da suka wuce. A nan ne tarkon yake. Kalmar taɓin hankali buhu ce mai faɗin baki. Jami'in da bai san otizim ba, da ya ga kalmar a takarda zai jefa mutumin cikin buhun, ya ɗaure, ba tare da ya yi minti biyar yana magana da shi ba.

A Amurka, inda bindigogi suka fi mutane yawa, dokar tarayya ta 1968 ba ta hana mutum saboda sunan cuta. Tana hana wanda kotu ko wata hukuma mai iko ta yanke cewa hankalinsa bai kai ba, da wanda aka kwantar bisa tilas a asibitin masu taɓin hankali. Cikin 2016 gwamnati ta fito da tsarin da zai sa wasu masu karɓar taimakon naƙasa, waɗanda wani ke riƙe musu kuɗi, cikin jerin waɗanda aka hana. Ƙungiyoyin naƙasassu da dama, har da ta masu otizim, suka tsaya kai da fata cewa rashin iya riƙon kuɗi ba shaidar mugunta ba ne, majalisa kuma ta soke tsarin cikin Fabrairu 2017.

MISALAN DA AKE KAFA HUJJA DA SU

Masu son a hana ɗungum su kan kawo misali biyu, kuma adalci ne mu saurare su. Na farko, ranar 14 ga Disamba 2012, wani saurayi ɗan shekara 20 ya shiga makarantar Sandy Hook a Amurka ya kashe yara 20 da manya 6. Likitoci sun taɓa cewa yana da wani nau'in otizim. Amma rahoton da ofishin kare yara na jihar ya fitar cikin 2014 ya yi kashedi kada a ɗora ta'asar a kan otizim. Saurayin na da wasu cututtuka da ba a bi maganinsu ba, ya kulle kansa a ɗaki, ya shagala da labaran kisan gilla. Bindigogin kuwa uwarsa ce ta saye su bisa doka, suna cikin gida inda hannunsa ke kaiwa.

Na biyu, ranar 12 ga Agusta 2021, a birnin Plymouth na Ingila, wani ɗan shekara 22 mai otizim, mai riƙe da takardar izini, ya kashe mutum 5, har da uwarsa da wata yarinya ƴar shekara 3. To amma cikin 2020 ya lakaɗa ma wasu matasa biyu duka a bainar jama'a, ƴan sanda suka karɓe bindigar, sannan suka mayar masa da ita cikin Yuli 2021, wata guda kafin ta'asar. Binciken da aka kammala cikin 2023 ya ɗora babban laifi a kan ofishin ƴan sandan da ke ba da izini. Abin da ya isa ya hana shi yana rubuce a fayil ɗinsa, wato duka, kuma duka aiki ne da kowa ke iya gani.

Bincike ma ya bi wannan sawu. Cikin 2017 aka buga nazarin da aka yi a kan mutum kusan 300,000 a yankin Istokholm na ƙasar Suwidin. Da fari lissafi ya nuna kamar masu otizim sun fi shiga hannun shari'a a kan laifin duka. Da aka ware waɗanda ke haɗe da lalurar rashin natsuwa, da waɗanda suka taso da ɗabi'ar faɗa da karya doka tun suna ƙanana, sai bambancin ya baje. Ma'ana, abubuwan da ke nuna haɗari su ne waɗanda muka sani ga kowa: tarihin duka, zafin kai, shaye-shaye.

TARIHINMU YA ISHE MU ISHARA

Ba sai mun je nesa ba. Cikin Mayu 1899 hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, bayan sun kara da Sarauniya Mangu a Lugu, suka faɗa ma Birnin Ƙwanni, suka ƙone shi, suka karkashe mutanensa. Da labari ya fasu a Faransa, sai aka ce ai zafin ranar ƙasar Sudan ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, da haka aka rufe bincike. An ɗora laifi ga rana da hauka, an wanke waɗanda suka aiko su suka cika musu hannu da bindigogi. Tun wancan lokaci ya kamata mu, mutanen wannan ƙasa, mu riƙa yin hattara da duk wanda ya yi gaggawar cewa hauka ne, domin sau da yawa hanya ce ta kuɓutar da masu hankali.

Cikin Oktoba 1991, ana zaman Babban Taron Ƙasa a Ƴamai, aka kashe Fulani fiye da 100 a Toda cikin jahar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Cikin Nuwamba 2016 mutum 18 suka mutu a Bangi, yankin Madawa, a rikicin manoma da makiyaya. Waɗanda suka aikata waɗannan abubuwa mutane ne da ke gaisawa da kowa, suna cin kasuwa, suna haɗa ido, ba wanda ya taɓa kiransu gaulaye. Fushi da jita-jita da zugar taro suka ja su. Wanda ke gudun taro ba shi ne kan gaba ba a ranar gayya.

MA'AUNIN DA MUKA GADA

Sarakunan baka da ke zaune a nan sun fi ni sanin abin da zan faɗi. Ba a miƙa ma yaro bindiga don sunan ubansa, ba a kuma hana shi don ba shi da surutu. Sai ya yi shekaru yana bin manya daji, yana ɗaukar gora da jaka. A ga yadda yake auna albarushi, a ga ko yana nuna ɗan uwansa da bakin bindiga da sunan wasa, a ga ko yana taɓa kunama don ciyawa ta motsa tun bai ga abin da ke ciki ba, a ga yadda yake in an ɓata masa rai. Bayan haka ne a kan ce wane ya isa, wane ya ƙara haƙuri, wane kuwa ya nemi wata sana'a. Malamanmu na fiƙihu su ma sun san wannan hanya a babin dukiyar maraya: ba a miƙa masa ita sai an jarraba shi an ga rushdi, wato shiryuwa wajen riƙon abu; kuma in alƙali zai hana wani taɓa dukiyarsa, a kan mutum guda yake yi, bisa hujja, tare da damar ɗage hanin in hali ya gyaru. Abin da dokar zamani mai kyau ke nema, gidajenmu sun riga ta saninsa.

HAƊARIN DA BA ZA A ƁOYE BA

Kada a fahimce ni da cewa a rufe ido. Akwai abubuwan da wajibi ne a duba. Farfaɗiya ta fi yawa cikin masu otizim, kuma wanda ke faɗuwa ba zato bai dace da makami mai harsashi ba sai likita ya tabbatar ciwon ya kwanta. Baƙin ciki mai tsanani ya fi kama su. Wani nazari na Suwidin da aka buga cikin 2016 ya nuna kashe kai ya fi yawa a cikinsu ninki da dama, don haka bindigar da ke ɗaki ta fi zama barazana ga mai ita da kansa. Akwai wanda ƙara da hayaniya ke rikita shi har ya rasa abin da yake yi. Irin wannan ba a kai shi sintirin dare. Akwai wanda saurin yarda ke sa mugaye su ba shi ajiyar makami ko aike, shi a kama shi, su su sulale. Duk waɗannan ana gane su ta hanyar zama da mutum da tambayar iyalinsa.

Haɗari mafi kusa da mu kuwa shi ne wanda ke gaban bakin bindiga. Ku ɗauka saurayi mai otizim ya iso shingen ƴan sintiri da magariba. An daka masa tsawa bai amsa ba, an haska masa fitila ya kau da kai, an matso ya ruga. Ga mai tsoro da yatsa a kan kunama, waɗannan duka alamun ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Ga uwarsa kuwa, haka yake tun yana goye.

Hani na ɗungum kuma zai haifar da abin da ba a so. Ƙwararrun da ke iya tantance otizim kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu a Ƴamai. Mai takardar shaida shi ne wanda iyayensa suka sayar da akuya suka biya kuɗin mota suka kai shi. In takardar ta zama tambarin hani, a bindiga yau, gobe a aikin gwamnati ko tuƙin mota ko aure, iyaye za su daina kai ƴaƴansu, a koma ɓoye su a ƙuryar ɗaki. Wanda ya nemi taimako ya sha hukunci, wanda ya ɓoye ya wuce salin-alin. Bayan haka, ƙasarmu ta ɗauki alkawari: dokar 1993 a kan kare naƙasassu, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu da Nijar ta amince da ita cikin 2008, da dokar 2019. Jigonsu duka shi ne kada a tauye mutum saboda naƙasa kaɗai.

ABIN DA NAKE BA DA SHAWARA

Na farko, ga masu rubuta doka: kada a sa jerin sunayen cututtuka a matsayin hani. A rubuta abin da ake nema ga kowa, wato fahimtar haɗarin makami, kamun kai, tsabtar tarihi daga duka da barazana, da nisantar ƙwaya da giya.

Na biyu, binciken hali kada ya tsaya a ofis. A tambayi hakimi, a tambayi sarkin baka, a tambayi maƙwabta, kuma a tambayi matan gida a keɓe, domin mai dukan matarsa ya riga ya nuna abin da zai yi da makami.

Na uku, takardar likita ta zama wajibi ga kowane mai nema, kada a ware wasu, kuma ta amsa tambaya guda: mutumin nan zai iya riƙe makami ba tare da cutar da kansa ko wani ba? Sirrin majinyaci ya tsaya wurin likita.

Na huɗu, duk wanda aka hana a ba shi dalili a rubuce, da hanyar kai kuka gaba. Duk wanda aka ba a riƙa sabunta izininsa, in ya ɗaga ma wani hannu a karɓe, kada a mayar don alfarma ko don yana ɗan wane.

Na biyar, ga magidanta: bindiga a kulle, harsashi a wani wuri, mabuɗi a jikin mai ita. Gidan da ke da yara, ko mai farfaɗiya, ko wanda baƙin ciki ya dame shi, ya ninka kiyayewa.

Na shida, ga jandarmomi da ƴan sintiri da hakimai: ku san masu wannan lalura na garuruwanku da fuska da suna, ku sanar da masu tsaron dare, don kada shiru ya zama laifin da ake biya da rai.

Jama'a, mafi yawan masu otizim na ƙasar nan ba za su taɓa neman farmin bindiga ba. Buƙatarsu malamin da zai yi haƙuri da su, da sana'a, da maƙwabtan da za su daina jifansu da sunaye. Amma ranar da ɗayansu ya zo ofis da takardunsa, a zaunar da shi a auna shi da mudun da ake auna kowa. In ya cika a ba shi, in bai cika ba a faɗa masa dalili cikin mutunci. Bindigogin da ke hana mu barci suna hannun waɗanda ba su taɓa neman izinin kowa ba, can ne ya kamata hukuma ta kai ƙarfinta.